DARASI: KAFIN KA ZUBA KAJI KO KIFI, FARA DA SHINGE



Yawancin tambayoyin da sababbin masu kiwo ke turo mani ba su wuce uku ba: kaji nawa zan fara da su, wane abinci ya fi, kifi nawa tanki ɗaya zai ɗauka. Da wuya ka ji wanda ya ce, "Malam, da me zan kewaye wurin?" Ni ma ban yi wannan tambayar ba lokacin da na fara, kuma na biya kuɗin makaranta mai tsada.

Shekarar da na fara kiwo na samu fuloti biyu a bayan gari, gefen hanyar Mani. Kusan duk jarina na zuba shi a ɗakin kaji, da 'yan tsaki 300 masu ƙwai, da tankin kankare biyu na tarwaɗa. Ɗan canjin da ya rage shi na ba magini na ce ya kewaye mani wurin yadda ya samu. Aka ja bulo mai inci 6, tushen bai kai ƙafa ɗaya ba, babu fila ko guda, babu kafar da ruwa zai bi. Da rani katangar ta yi kyau har ina ɗaukar ta hoto.

Wani dare a watan Agusta aka kwana ana ruwa. Ruwan gonakin da ke sama da ni ya taru a bayan katangar gabas, ya rasa hanya, ya jiƙa tushen, ta kwanta wajen ƙafa 40. Kafin gari ya waye karnuka sun shiga, sun yage ragar ɗakin, sun kashe mani kaji sama da 60 da suka yi sati 14, saura ƙiris su fara ƙwai. Wasu ma ba cin su aka yi ba, tsoro ne ya sa suka danne juna a kusurwa.

Ina tsaye ina ƙirga gawa sai wani dattijo maƙwabcin gonata ya leƙo. Ya yi mani jaje, sannan ya ce, "Ɗana, da za ka yi ginin nan ka tambayi ruwa ta ina yake bi?" Na ce, "A'a Baba." Ya ce, "To ai hanyarsa ka tare, tun ina yaro ta nan yake wucewa."

Daga wannan asarar na koyi abin da zan ba ku yau.

1. WA KAKE SON TAREWA?

Kada ka je kasuwa sai ka zauna ka amsa wannan, domin kowane maɓarnaci da irin shingen da ke tare shi.

Shanu da jakuna: waya mai ƙaya layi 4 ko 5 ta ishe su.

Awaki da tumaki: akuya ba ta jin waya mai ƙaya. Za ta sa kai tsakanin layi biyu, ta bar gashi a jikin wayar, ta wuce abinta. Sai ragar waya mai tsayin ƙafa 4 zuwa sama, ko shinge mai cunkoso tun daga ƙasa. Ku tuna da an gama girbi ake sakin dabbobi, daga nan har faɗuwar damina duk ɗanyen ganyen da ke wurinka shi suke hange.

Kare, muzuru da tunku: kare haƙa yake yi ta ƙasa, muzuru hawa yake yi ta sama. Katanga kaɗai ba ta hana muzuru, sai an rufe ɗakin kajin kansa da raga har zuwa rufi.

Ɓera, gafiya da maciji: ɓera abinci ke kawo shi, maciji kuma ɓera da ƙwai ke kawo shi. Maganinsu raga mai ƙananan ido da daɓen siminti.

Shaho da shirwa ga 'yan tsaki, zalɓe da balbela ga ƙananan kifi: waɗannan ta sama suke zuwa, komai tsayin katanga ba ruwansu. Raga ake shimfiɗawa a sama.

Kajin unguwa da baƙi masu yawon gani: su ne ke kawo cuta. Kazar maƙwabta ɗaya mai ɗauke da cutar da ke share kaji da hunturu ta isa ta gama da ɗaki guda. Tun da murar tsuntsaye ta fara bayyana a Najeriya a farkon 2006, a wata gona da ke Jaji ta jihar Kaduna, masu kiwo suka gane cewa hana shiga yana cikin magani.

Ɓarawo: babu shingen da ke hana wanda ya yi niyya. Aikin shinge ya ɓata masa lokaci, ya sa shi yin motsin da za a ji. Sauran aikin na fitila ne, da kare, da mai gadi, da zaman lafiya da maƙwabta.

In ka rubuta naka jerin, za ka ga shinge ɗaya ba zai yi maka duka ba. Shi ya sa nake raba shi gida uku: na iyakar fili, na jikin ɗakin kaji ko tankin kifi, sai ƙofa.

2. KARANTA FILINKA

Ƙasa. Yawancin kewayen Katsina jigawa ce, rairayi. Tana da daɗin haƙa amma ba ta riƙe turke. Ramin da zai isa a ƙasa mai tauri, a nan sai ka ƙara masa zurfi. In kuma filinka fadama ne mai laka, kamar wasu wurare a gefen dam ɗin Ajiwa, ƙasar kumbura take yi da damina ta tsage da rani, ita ma tana fasa katangar da ba ta da tushe mai kyau.

Ruwa. Damina tamu gajera ce, amma ruwan Yuli da Agusta da ƙarfi yake sauka. In da hali, je filin ana cikin ruwa ko da an ɗauke, ka ga inda yake shigowa da inda yake fita. In da rani ka saya, duba inda yashi ya kwanta sumul da inda ƙasa ta zaizaye, sannan ka tambayi wanda ya daɗe yana noma a wurin.

Iska. Hadarin farkon damina daga gabas yake taso mana da guguwa, iskar hunturu kuma daga arewa maso gabas. Shi ya sa a tsofaffin gidajen ƙasa bangon gabas ya fi shan yaɓe da makuba. Gefen gabas na shingenka shi ne zai fi shan wahala, can za ka fi kashe kuɗi.

Gara. Duk icen da ka binne a ƙasar nan ba tare da kariya ba, ka ba gara sadaka.

3. IYAKA KAFIN GINI

Rigimar iyaka ta fi faɗuwar katanga ciwo. Kafin a sa diga a ƙasa, kira maƙwabtan filin ta kowane gefe, da mai unguwa ko wakilinsa, da wanda ya sayar maka. A ja igiya kowa yana kallo, a kafa shaida ta kankare a kowace kusurwa. A gona, tsofaffin shaidu irin su tushen gamba, aguwa ko wata bishiya, kada ka tuge su sai an shaida.

In cikin gari ne ko sabon gari da aka yanka fulotai, nemi izinin hukumar tsara birane ta jiha, ka bar abin da aka ce a bari na titi da magudanar ruwa. Kada ka ci hanya ko da taku ɗaya ne, ranar da aka zo da jan fenti ba wanda zai tuna nawa ka kashe. Kada kuma ka gina a ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki.

In gona ce, tambayi inda burtali yake da hanyar mashaya. Wanda ya toshe hanyar shanu ya sayi fitinar da waya ba za ta tare ba.

4. IRE-IREN SHINGE DA INDA KOWANE YA DACE

Danga da zana. Karan dawa ko na gero, ko zanar gamba. Shi ne mafi sauƙin kuɗi, yana tare ido da iskar hunturu, kana iya yin sa da hannunka. Amma shekara ɗaya ko biyu ne, gara na ci, awaki na ci, ɓera na ɓuya a ciki, ga tsoron gobara. Kada ka kusantar da shi da ɗakin renon 'yan tsaki inda ake kunna gawayi. Ni a yanzu zana nake rataya wa jikin raga ta gefen arewa da gabas daga Nuwamba zuwa Fabrairu, in zafi ya shigo in cire.

Shingen ƙaya. Rassan magarya ko bagaruwa da ake jerawa. Yana tare dabba sosai a shekarar farko, bayan nan sai ya zube, ya zama gidan maciji, kuma kowace shekara sai ka sake sare itace. Na wucin gadi ne.

Shinge mai rai. Duk wanda ya bi hanyar Daura ko Jibia ya ga layin aguwa a bakin gonaki. Iyayenmu ba su zaɓe ta a banza ba: tana jure fari, dabbobi ba su damu da cin ta ba, kuma reshe kawai ake yankowa a soka. A ƙarshen rani ake dasa ta, gab da faɗuwar ruwa, domin in ƙasa ta jiƙe sharkaf reshen ruɓewa yake yi. A dasa kusa da kusa, kamar tazarar tafin hannu zuwa ƙafa ɗaya, layi biyu in da hali. Akwai kuma dashi da bini-da-zugu da ake dasawa ta reshe, da magarya da bagaruwa masu ƙaya, da lalle wanda shi har kuɗi yake kawowa. Matsalarsa lokaci: sai ya yi shekara biyu zuwa uku kafin ya rufe, kuma yana ƙarami shi ma sai an kare shi. A kula, ruwan aguwa yana cutar da ido, 'ya'yan bini-da-zugu guba ne ga yara, kuma duk shuka mai farin ruwa kamar nono a nisanta ta da ruwan kifi. Zogale kuwa ba shinge ba ne, gayyatar awaki ne. A ciki ake shuka shi.

Waya mai ƙaya. Ita ta fi dacewa da babban fili. Ga lissafi: hekta ɗaya mai mita 100 ta kowane gefe, kewayenta mita 400 ne. In za ka kafa turke kowane mita 3, kana buƙatar wajen 134. In layi 5 za ka ja, waya mita 2,000 ke nan. Tambayi mai shago tsawon kowane nadi, kada ka saya da ido, don nadin ba ɗaya ba ne. Ka kuma lura da siffar fili tun wajen saye: hekta ɗayan nan in ta zo mita 50 da 200, kewayenta ya zama mita 500. Girma ɗaya, amma ƙarin mita 100 na shinge.

Ragar waya. Akwai mai kauri mai manyan ido kamar inci 2 ta kewaye fili, akwai siririya ta kaji, akwai mai rabin inci. Ta kewaye fili ka nemi mai kauri wadda aka yi wa farin ruwan hana tsatsa. Siririyar ragar kaji aikinta hana kaza fita, kare yana yaga ta da haƙori. Ita ce aka yaga mani.

Katangar ƙasa. Kada a raina ta. Ganuwar Katsina da ƙasa aka yi ta, ta yi ɗaruruwan shekaru saboda gindinta yana da faɗi kuma ana fita aikin gayya ana gyara ta. Da aka daina gyara, kowa ya ga abin da ya rage tsakanin Ƙofar Guga, Ƙofar Sauri da sauran ƙofofin. Haka taka za ta kasance: in akwai jar ƙasa kusa, kuma za ka iya yaɓe duk shekara kafin damina, tana yi, kuma ta fi bulo sanyi. Sai dai gafiya na huda ta.

Katangar bulo. Ita ce ta gida da ƙaramin fili a cikin gari, inda ake buƙatar sutura da tsaro. Ita ta fi tsada, kuma ita aka fi cutar mutane a kanta, don haka bari in tsaya a nan.

5. IN BULO ZA KA YI, GA LISSAFI DA ƘA'IDA

Fuloti mai ƙafa 50 da 100, kewayensa ƙafa 300 ne. Tsawon bulo inci 18, wato ƙafa ɗaya da rabi, don haka layi ɗaya zai ci bulo wajen 200. Tsayin bulo inci 9 ne, layi 9 a saman ƙasa zai ba ka kusan ƙafa 7. Ƙara layi 3 na cikin ƙasa, ya zama layi 12, bulo 2,400 ke nan kafin a cire faɗin ƙofa. Ƙara kaɗan saboda masu fashewa. In fuloti biyu ne a manne, 100 da 100, kewayen ƙafa 400 ne kacal. Da wannan lissafin za ka je ka tambayi farashin ranar, ba wanda zai yi maka kwana.

Ƙa'idojin da ban yarda a tsallake ba:

Tushe. A jigawa a haƙa aƙalla ƙafa 2 zuwa 3, har a taɓa ƙasa mai tauri. A zuba kankare a ƙasan ramin kafin a ɗora bulo. Layukan cikin ƙasa a yi su da mai inci 9, a cika ramukansa.

Fila. Kowace ƙafa 10 a tsayar da fila mai rodi, da kowace kusurwa, da gefen ƙofa biyu. A fuloti ɗaya wajen 30 ke nan. Rodin ya taso tun daga cikin kankaren tushe. Na ga inda aka soka guntun rodi a sama don mai gida ya gani, ƙasa babu komai. Tsaya a wurin ranar da ake zubawa.

Haɗin kankare. Kwano 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa. Yashin ya zama mai tsafta, ba turɓaya ba.

Ingancin bulo. Wasu masu buga bulo suna matsa buhu ɗaya ya fitar da abin da ya wuce ƙima. Gwaji mai sauƙi: kankare shi da ƙusa ko makulli, in yana zuba kamar gari, bar shi. Ɗaga ɗaya zuwa ƙugu ka sake shi a ƙasa, mai kyau ba zai tarwatse ba.

Ban ruwa. Safe da yamma har kwana 7. A zafin Katsina siminti yana bushewa kafin ya kama, ginin da bai sha ruwa ba da wuri yake tsagewa. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, a wurinmu kuwa ba ƙadangare kaɗai ke shiga ba.

Kafar ruwa. A layin da ke daidai da ƙasa, a bar kafa ko a sa bututu mai inci 4 a duk inda ruwa ke shiga da inda yake fita. In hanyar ruwa ce babba, a bar faɗin bulo ɗaya ko biyu a gitta rodi. Kowace kafa a rufe ta da raga mai ƙarfi saboda gafiya da maciji, a riƙa share ta da damina. Wannan ɗan abin da ba ya cin kuɗi, rashinsa ne ya kayar mani da katanga.

Wata matsalar da mutane ba su lura da ita ba ita ce zafi. A Afrilu da Mayu muna haura digiri 40. Kaza ba ta gumi, da haki da iska take rage zafin jikinta. In ka manna ɗakin kaji da doguwar katanga, ka toshe iskar, sai ka ga manyan kajin nama suna faɗuwa da la'asar alhali ba cuta. Bar tazarar aƙalla ƙafa 10 zuwa 15 tsakanin katanga da ɗakin. In filin ya yi kaɗan, gefen da ke kallon ɗakin a yi bulo layi 4 ko 5, a ƙarasa sama da raga mai kauri ko bulo mai huda. Ɗakin kuma tsawonsa ya bi gabas da yamma don rana kada ta shiga ta gefe.

6. YADDA AKE KAFA WAYA TA DAƊE

Turke shi ne ƙashin bayan aikin. Na kankare ya fi daɗewa, gara ba ta ci, ba wanda zai sace ya kai wa masu gwangwan. Na ƙarfe yana da kyau in an yi masa fenti an dasa shi cikin kankare, amma a wurin da ba mai kwana ana tuge shi. In ice ne, ƙirya da azarar giginya sun fi jure gara, sai dai sun yi wuya yanzu. Bedi da turare su aka fi samu: a ɓare ɓawon, a bar su su bushe, a babbaka gindin kaɗan, a shafe shi da baƙin mai ko kwalta har ya wuce inda ƙasa za ta tsaya. Kada baƙin man nan ya kusanci rijiya ko ruwan kifi.

Ga yadda nake bi:

Fara da kusurwoyi. Turken kusurwa ya fi sauran kauri da zurfi, ƙafa 2 da rabi zuwa 3 a cikin kankare, a tokare shi da wani a karkace ta ɓangaren da waya za ta ja. In kusurwa ta sunkuya, layin gaba ɗaya ya saki.

Ja igiya daga kusurwa zuwa kusurwa, ka auna tazarar mita 3, ka haƙa ƙafa 2 ga na tsakiya. A dogon layi, kowane mita 30 zuwa 50 a sa mai tokari irin na kusurwa.

Bar kankaren ya yi kwanaki ya kama kafin a ja waya. Masu aiki suna son gamawa rana ɗaya, kada ka yarda.

Wayar ta kasance ta gefen da dabba za ta turo, wato ta waje, don in an tura ta, turken ta danna. Layukan ƙasa su fi kusa da juna, na farko kada ya wuce inci 4 zuwa 6 daga ƙasa.

In raga ce, a ja zallar waya mai kauri sama, tsakiya da ƙasa, a ɗaure ragar a jikinsu. Gindin ragar a binne shi ƙafa ɗaya, ko a lanƙwasa shi waje a kwance a rufe da ƙasa da duwatsu. Kare a jikin shinge yake fara haƙa, in ya ci karo da raga sai ya haƙura. Wanda ke da hali ya ja bulo layi 2 ya dasa ragar a kai, ta fi daɗewa don ba ta taɓa danshi.

Gargaɗi: kada wani ya ba ka shawarar jona wa shinge wutar NEPA kai tsaye. Kisa take yi, kuma yaro ko makiyayi za ta fara samu kafin ɓarawo. Shingen lantarki na gaskiya da na'urarsa yake zuwa, mai bugu ta saki, kuma ƙwararre ke haɗa shi.

7. SHINGE NA BIYU: JIKIN ƊAKI DA TANKI

Ɗakin kaji: bulo layi 2 ko 3, daga nan raga har ta haɗe da rufi, ba tare da an bar kafa a ƙarƙashin kwano ba. Ta nan muzuru da tsuntsaye ke shiga. Ƙafa 3 na ƙasa a ninka da mai rabin inci. A share ciyawa da tarkace ƙafa 6 kewaye da ɗakin, maciji ba ya son fili fetal. Kada a bar reshen bishiya ya rataya a kan katanga ko rufi, tsani ne ga muzuru da ɓarawo, wurin zama ne ga shaho. Bedi yana da inuwa, amma saiwarsa na fasa tanki da tushe, a ba shi nisa.

Kifi: saboda rairayinmu ba ya riƙe ruwa, yawancinmu kankare, tamfol ko roba muke amfani da su. Tarwaɗa tana tsalle, tana kuma jan ciki a ƙasa in ana ruwa. Bar ƙafa ɗaya tsakanin ruwa da bakin tanki, ka shimfiɗa raga a sama, ka rufe bakin bututun ambaliya da raga. Mai tamfol ya kewaye shi da waya, ƙahon rago ɗaya ya isa ya zubar da ruwa da kifin wata huɗu. Mai tafkin ƙasa a fadama ya zagaye shi da raga mai ƙananan ido, tsayin ƙafa 2 zuwa 3, gindinta a binne, saboda kwaɗi da guza. Ruwan da kake canjawa kada ya kwanta a gindin katanga, ja shi zuwa lambu.

Abu mafi muhimmanci a nan: in a gida kake kiwon kifi kuma akwai yara, tankin ya samu nasa shingen da ƙofa mai kwaɗo tun kafin a zuba ruwa. Ruwan da bai kai gwiwa ba yana iya halaka mai rarrafe. Kifi ana sake saye.

8. ƘOFA

Ƙofa ɗaya ta fi biyu sauƙin tsaro. Faɗinta ya kai ƙafa 12 don motar abinci ko ta ɗaukar taki ta shiga, a yi ƙaramar ƙofar mutum a jiki. A zuba kankare a ƙasanta yadda tazarar ba za ta wuce yatsa biyu ba. Sau da yawa za ka ga katanga ƙafa 8, amma ƙarƙashin ƙofa kare na wucewa da gudu.

A bakin ƙofar a yi ɗan kwarmi na ruwan magani na tsoma takalmi, a riƙa canja shi. Masu sayen ƙwai da dillalan kaji su tsaya daga waje, don daga wata gonar suke, kejinsu ma kada ya shigo. Wanda ya ji haushi ka ba shi haƙuri, rigakafi ya fi magani.

9. IN KUƊIN BA SU DA YAWA

Yawancinmu haka muke, don haka ga tsarin da zan bi in yau zan sake farawa:

Na farko, shaidar iyaka a kusurwoyi, gaban shaidu.

Na biyu, raga mai kyau a jikin ɗaki da tanki, da ƙofa mai kwaɗo. Nan dukiyar take.

Na uku, turaku da waya mai ƙaya a iyaka, da ragar ƙafa 4 a gefen da awaki suka fi shigowa.

Na huɗu, a ƙarshen ranin farko a dasa aguwa ko dashi a bin wayar ta ciki. Kafin turakun ice su gaji, shinge mai rai ya kama.

Na biyar, in ciniki ya fara, a riƙa jan bulo gefe ɗaya bayan ɗaya, kowane gefe da cikakken tushe da fila.

Gara ka rage kaji 100 daga cikin waɗanda ka yi niyyar saye ka gyara shinge da kuɗin. Da na yi haka, da ban yi asarar katanga da kaji a dare ɗaya ba.

Bayan an gama kuma, sati-sati ka zagaya shingenka da ƙafa, kana duba ramin haƙa, wayar da ta saki, turken da gara ta fara, da sabuwar tsaga. A watan Mayu a share kafofin ruwa kafin hadarin farko. Bayan girbi a share busasshiyar ciyawar da ke jikin shinge saboda wutar daji.

Aikin gida ga wanda ke shirin farawa: je filinka da tef ko igiya, auno kewayen, rubuta maɓarnata uku da suka fi damun unguwar, ka kuma nemi dattijon da ya fi kowa daɗewa a wurin ka tambaye shi ta ina ruwa ke bi. Wanda ya kawo waɗannan ukun, zan taya shi lissafin kayan da zai saya.

Darasi na gaba in sha Allahu zai zo kan tsarin ɗakin kaji da ke jure zafin bazara. Allah ya sa albarka a abin da muke kiwo, ya tsare mu da asara.